Larabar Da Na Ji Na Yi Shiru

'Yata Zainabu ce ta ja mini wannan rubutu, don haka wanda bokona ya sa wa ciwon ido sai ya je ya kama ta. Aji uku na yi a firamare, shi ma na ukun rabinsa a bayan aji na yi shi ina kamun ƙadangare. Da sallar da ta wuce ta zo gida daga kwalejin da take koyarwa, ta fito da wani ɗan abu kamar filash, bai kai babban yatsana ba, ta soka shi a gefen kwamfuta, ta ɗaura masa eriya a kan katanga. Sai ga allon kwamfutar ya cika da zare-zare masu launi suna gangarowa kamar ruwan indararo. Ta ce kowane zare murya ce da take yawo a iska. Ta taɓa wannan, sai ga matuƙin jirgin sama yana Turanci. Ta taɓa wancan, sai ga masu gadin wani wuri suna gardama a kan shayi. Ta ce abin yana ɗaukar magana ya ajiye, har da lokacin da aka yi ta. Sannan ta juya wajen 'ya'yanta ta soma ba su labarin da ku 'ya'yana kuka saba bayarwa: wai kakansu shi ne ya fara jin irin wannan magana a garin nan da rediyon gwangwani, ya gargaɗi mutane, suka ƙaryata shi, ruwa ya zo ya gaskata shi. Na tashi na bar musu tabarmar. Ta ɗauka kunya na ji. Ba kunya ba ce, haushi ne, kuma da 'yan kwanaki kaɗan ta girme wa haushin, domin a shekarar da aka haife ta abin ya faru.

A lokacin sana'ata facin keke ce a kasuwar Bebeji, rediyo kuwa cuta ce Allah Ya ɗora mini. Duk wanda tasa ta mutu ya jefar, ni nake tsinta. Ina ɗora ƙusa a kan gawayi ta yi ja in narkar da dalma da ita in liƙa waya. Ban san sunan ko ɗaya daga cikin 'ya'yan hanjin rediyo ba, sunayen da na raɗa musu nake kira: akwai ɗan wake, akwai mai ƙafa uku, akwai tsutsa. Tsutsar nan wani ɗan naɗin tagulla ne da aka daskarar da kaki. Wata rana da rana tsaka, don tsabar rashin aikin yi, na kankare kakin na sa tsinken ashana na buɗa naɗin kaɗan. Tashoshin da na sani duk suka gudu gefe guda. Na murɗa har ƙarshe, inda a da babu komai sai shuuu, sai na ji wata 'yar murya siririya kamar ta sauro tana cewa a kawo tarakta wajen rumbu na biyu. Na kusa faɗowa daga kan benci. Oba-oba ce ta mutanen babbar gonar kamfani da ke sama da mu ta wajen Bagauda. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ya daɗe da rushewa, Allah Ya ƙara nauyin ƙasa. Su ne suka tare rafinmu da madatsar ƙasa suka yi tafki, suke sakar mana ɗan abin da suka ga dama, mu kuma muke noman rani da shi a fadama.

Rediyon nan tana da hali irin na jaki. In ka matso da hannu murya ta gudu, in ka janye ta dawo. In batir ya yi sanyi sai ka bi ta da murɗi kamar mai bin kaza. Abin da ta ji kuwa ya wuce ke nan, babu mai dawo maka da shi. Babban aibinta, wanda ban ɗauke shi aibi ba sai da ya ci ni, shi ne gefe ɗaya take ji. Manajan gonar oba-obarsa a mota take, da doguwar eriya, ita nake kamawa. Masu gadin madatsa kuwa 'yan ƙananan oba-oba ne a hannunsu, ga tudun madatsar ya kare su, ko tarinsu ba na ji. Sai in ji Manaja ya yi tambaya, a yi shiru, ya ce to. Ni kuma in cike shirun da abin da kaina ya ba ni. Da haka na zama mai ba da labari a majalisa. Na san ranar da matar Manaja ta yi yaji, na san direban da yake satar man tarakta. Ana ba ni shayi kyauta, ana kira na Garba Eriya, ina jin kaina kamar wani gwamna.

Yayana Sale, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya riƙe fadamar da mahaifinmu ya bari. Mutum ne mai kaifin zuciya da ƙarfin aiki, bai taɓa yarda cewa abin da nake yi aiki ne ba. A shekarar ya shuka albasa a rabin fadamar, tumatir a rabi, ya sayar da bijiminsa ya sayi injin ban-ruwa ja, wanda yake goge shi da tsumma fiye da yadda yake goge fuskarsa. Ana saura kamar mako uku albasa ta ƙosa, wata Litinin da hantsi, na ji Manaja da kunnena yana cewa:

"Madatsa ta tsage ta gefen gabas. Injiniya zai zo. Ranar Alhamis za a buɗe ƙofa gaba ɗaya a zubar da ruwan."

Aka yi shiru, wato mai gadi yana magana. Manaja ya ce, "To, shi ke nan, haka za a yi."

Na jefar da keken mutane da taya a kwance, na hau nawa na yi fadama. Na tarar da Yaya cikin fangalin albasa, laka har gwiwa.

"Yaya, ka tuge albasar nan. Alhamis za su sako tafkin gaba ɗaya."

"Wa ya gaya maka?"

"Da kunnena na ji."

"A gwangwanin naka?"

"Yaya, na taɓa yi maka ƙarya a kan abin da ya shafi gonar Baba?"

Ya daɗe yana kallona. Wannan kallo shi ne karo na farko da na ga ya auna ni a matsayin mutum. Ya ce in je in gaya wa sauran. Kwana biyu fadama ta zama kamar kasuwa, maza da matan da suka manyanta, kowa yana tuge albasar da ba ta gama yin kai ba, ana janye injuna zuwa tudu. Alhamis ta zo muka hau tudu muka zauna muna jiran ruwa. Hantsi ya yi, azahar ta yi, la'asar ta yi. Rafi yana nan yadda yake, ɗan siriri, har wata akuya ta tsallake shi ba ta jiƙa ƙafa ba. Daga baya na gane abin da ke cikin shirun nan: mai gadi ne ya ce injiniya ya aiko ba zai samu zuwa ba sai bayan mako biyu, Manaja kuma ya ce to haka za a yi. Rabin magana na ji na ɗauke ta na yi shela da ita.

Albasar da aka tuge ɗanya ba ta ajiyuwa. Cikin kwanaki ta fara ruɓewa a rumfuna, garin duk ya ɗauki wari, kuma duk wanda warin ya buga sunana yake ambata. Dagaci ya aika a kira ni, ya aika gonar kamfani su ma su turo wakili. Suka turo wani mai ɗamammiyar riga da biro uku a aljihu. A gaban jama'a, a ƙofar gidan Dagaci, mutumin nan ya buɗe baki ya ce:

"Ranka ya daɗe, babu wata magana ta buɗe ƙofa, madatsarmu lafiya lau take. Abin da ma ya kamata a duba, wannan mutum yana satar sauraron maganar da ba tasa ba. A mulkin soja muke. In muka kai shi gaba, sai dai ku ji labarinsa."

Kun ji fa. Madatsa a tsage, yana sane, ya dubi idon dattawan da gonakinsu ke ƙarƙashinta ya ce lafiya lau. Na ce a ba ni dama in kunna rediyo kowa ya ji. Na kunna. Kun san halin jaki, ranar da kake son ya yi tafiya ranar yake kwantawa. Babu abin da ta fitar sai shuuu. Jama'a suka fashe da dariya, wani ya ce aljanun sun tafi sallar Juma'a. Dagaci ya ce in yi alkawari a gabansa ba zan ƙara tayar wa mutane da hankali da zancen ruwa ba. Na yi. Ina cikin miƙewa Yaya ya ratso taro ya karɓi rediyon daga hannuna, ya ajiye ta a ƙasa, ya ɗaga fartanyar da ke kafaɗarsa ya sara mata sau uku.

"Ni na jawo wa kaina," in ji shi, "da na ɗauki maganar mai wasa da gwangwani. Daga yau in ka ga wuta ta kama rigata, kada ka gaya mini."

Ga abin da ba ku sani ba. Uwarku Hajara tana da rediyo mai kaset da aka sa mata a kayan ɗaki. Tana kwance tana jego, Zainabu ba ta fi kwana goma a duniya ba, na ɗauke rediyon na buɗe cikinta na nemo tsutsa. Wannan karon na gane inda na yi kuskure. Na samo gora biyu na haɗa, na hau giginyar bayan gidanmu, ni da ban taɓa hawa ko kan jaki ba tare da addu'a ba, na ɗaure goran a can sama da wayar birkin keke a bakinsa, na sauko da waya ta bayan rumbu inda ba mai gani. Tsawo shi ne maganin. Da na kunna sai ga masu gadi tar, har ina jin ɗaya yana tauna goro. Ba don in ceci kowa na yi ba, kada ku ƙara mini wannan ladan. So nake in ji komai, in riƙe a cikina, in riƙa kallonsu ina sane suna jahilci.

Ranar wata Laraba bayan azahar na ji su, gefe biyu, babu shirun da zan cike. Manaja ya ce injiniya ya iso, gobe da hantsi a buɗe ƙofa duka. Mai gadin, wani dattijo da ban taɓa ganin fuskarsa ba amma nake yi masa addu'a har yau, ya ce:

"Ranka ya daɗe, mutanen fadama fa? A aika musu?"

Manaja ya yi dariya. Rediyon nan da ba ta iya fitar da murya sosai, dariyar ta fitar da ita tsaf.

"Mu aika mu ce me, bayan mun ce lafiya lau? Ai suna da mai gaya musu. Bokansu na eriya yana ji, shi ya yi shela."

Na zauna a bayan rumbu. Wato ni ne ɗan aikensu na kyauta. Sun ƙaryata ni a gaban gari, sun sa an fasa mini rediyo, sannan sun jingina rayukan mutane a wuyana don kada bakinsu ya taɓa ƙasa. Hajara ta ji komai ta tagar ɗaki. Ta kira ni, tana zaune da jaririya a cinya, tururin ruwan wanka bai gama barin jikinta ba.

"Malam, ka je ka gaya wa Yaya."

"Ya ce ko wuta ta kama rigarsa kada in gaya masa."

"Fushi ne ya faɗa. Kai ma fushin ne yake faɗa maka yanzu. In ba za ka ba, ni zan yafa mayafi in fita da ɗanyen jikin nan, gari ya gani."

"Zauna. Zan je."

Kuma na tafi, Allah Ya sani na tafi da niyya. Na yi tunanin in kamo hannunsa in kawo shi bayan rumbu gobe da sassafe, domin sukan gwada oba-oba kafin su fara aiki, ya ji da kunnensa. Bayan la'asar na iso majalisar da ke gindin ɗurumi, Yaya yana cikinsu yana gyara igiyar injinsa. Tun daga nesa wani ya hango ni.

"Ga boka nan! Boka, yaushe ruwa?"

"Ku ba shi wuri, ƙila aljanun sun dawo daga Juma'a."

Suka yi ta dariya. Na dubi Yaya. Da ya ɗaga kai ya ce musu ya isa, ko da ido ne, da na faɗa. Bai ɗaga ba. Gefen bakinsa ne kawai ya motsa, yana danne murmushi. A jikin ɗurumin kuma wani ya rataye lasifikar rediyona da aka fasa, da tsumma ja a ɗaure kamar kayan tsafi. Maganar tana bakina, na ji nauyinta a kan harshena. Na haɗiye ta.

Na ce, "Sannunku da hutawa."

Na wuce. Da na koma gida Hajara ta tambaye ni ko na gaya masa, na ce na gan shi. Ba ta sake tambaya ba.

Washegari da hantsi ina kasuwa ina riƙe da tayar da ban san me nake yi mata ba, sai labari ya iso. Ruwan bai zo kamar ruwa ba, ya zo kamar katanga, ja wur, ɗauke da itatuwa. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba, domin Fulanin da ke kiwo a sama sun hango shi suka yi ta kururuwa mutane suka gudu tudu. Yaya ya kai tudu, ya waiwaya ya ga jan injinsa, ya koma. Ya ɗaga shi ya yi taku kaɗan ruwa ya doke ƙafafunsa, injin ya faɗo masa a ƙugu. Da igiyar shanu aka jawo shi. Tumatir ya tafi, injin ya tafi, kuma da ruwa ya janye sai ya bar yashi a kan fadamar Baba, zurfinsa ya kai cinya. Shekaru aka yi ko ƙaya ba ta fito a wurin ba. Kamfani ya ce ikon Allah ne. Mai biro uku bai sake taka garin ba. Ƙugun Yaya ya ɗoru a karkace, mutumin da yake noma fangali goma kafin hantsi ya koma saƙar igiya a zaure.

Kuna tsammani nan ne wurin da ya fi ciwo. A'a. Bayan ya fara takawa da sanda, ya jawo ƙafa tun daga gidansa har nawa, ya zauna a zaurena yana haki. Ya ciro wani abu daga aljihu ya ajiye a gabana. Lasifikar nan ce, ya kwance mata jan tsumman.

"Garba, ashe gaskiya ka faɗa, rana ce kawai ta kuskure maka. Ni na fasa rediyon da hannuna. Da ban fasa ba, da ka ji, da ka zo ka gaya mini. Ni na karya ƙuguna, ba ruwa ba. Ka yafe mini."

Rediyon Hajara tana bayan rumbu, taku ashirin daga inda yake zaune. Wayar tana lilo a jikin giginya, da ya ɗaga kai ta ƙofar zaure da ya gan ta. Hajara tana bayan labule, ina jin numfashinta. Na buɗe baki na ce:

"Ba komai, Yaya. Na yafe."

Ni na yafe masa! Ku dubi girman rashin kunya. Daga ranar gari ya juya, boka ya zama mai gaskiyar da aka zalunta, masu rataye lasifika suka dawo suna ba ni shayi. Yaya ya rayu shekara goma sha wani abu bayan haka, kuma duk baƙon da ya zauna a zaurensa sai ya ba shi labarin yadda ya fasa rediyon ƙaninsa ya jawo wa kansa. Ina zaune ina ji, ina sunkuyar da kai, ana cewa Garba akwai haƙuri. Uwarku ba ta taɓa tona ni ba har ta koma ga Allah. Hukuncinta ɗaya ne: ta karɓi rediyonta ta kulle a akwati, kuma ba ta sake tambayata labarin komai ba, ko na kasuwa. In na dawo na ce kin ji abin da ya faru, sai ta ce, "Bari in ji daga wani."

Ban sauke wa Manaja ko ƙwayar gero daga laifinsa ba. Mutumin da ke da mota da ma'aikata da baki, aiken mutum ɗaya a kan keke ya gagare shi, ya bar gari guda a hannun mai faci da tsinken ashana. In yana raye Allah Ya isa, in ya mutu ma Allah Ya isa. Masu dariyar gindin ɗurumi su ma ban manta da su ba, ina iya jera muku su da inda kowa ya zauna. Amma duk cikinsu babu wanda ya ji abin da na ji, kuma babu wanda Sale yake yayansa.

Kafin dare ya yi ranar sallar nan, bayan baƙi sun ragu, na koma wajen Zainabu na ce ta sake nuna mini abin nata. Ta nuna mini iyakarsa ba ta ɓoye ba. In babbar tasha tana kusa sai ta toshe masa kunne. In eriya tana ƙasa, gefe ɗaya yake ji, kamar tawa. Wasu masu oba-obar yanzu sun sauya murya ta koma ƙara kamar injin markaɗe, ba ya iya warware ta. Na tambaye ta ko mutum zai iya magana ta cikinsa, ya kira wani ya ce masa ga abin da ke tafe.

"A'a, Baba. Wannan ji kawai yake yi. Faɗa sai dai mai shi ya tashi ya je ya faɗa."

Na ce mata haka ne, kuma ta samo mini littafi da biro.

To ga shi na rubuta. Kada ku jira sai an binne ni ku karanta a ɗaki ku share hawaye ku mayar akwati, na san halinku. Zainabu, ke za ki ɗauka ki kai gidan Yaya Sale, ki tara 'ya'yansa, waɗanda suka tashi suna saƙar igiya maimakon noman fadamar kakansu, ki karanta musu da ƙarfi tun daga Litinin har Laraba, kada ki tsallake sannunku da hutawa. Ni zan zauna a zaure in jira. Duk abin da suka zo da shi zan ji, gefe biyu, ba zan cike musu shiru da abin da kaina ya ba ni ba.